Adadin masu tarin fuka ya ƙaru a yankinmu: shin cutar ce ke yaɗuwa?

Wani mai karatu da ya ce yana cikin kwamitin lafiya na yankinsu ya rubuto cewa rahoton shekara ya nuna adadin masu tarin fuka a wurinsu ya ƙaru sosai cikin shekara biyu, alhali a yankin da ke maƙwabtaka da su adadin bai motsa ba, amma kuma a can aka fi samun mace-mace cikin waɗanda aka sa a magani. Yana so ya san ko cutar ce ke yaɗuwa a wurinsu, da kuma yadda za a fahimci wannan saɓani.

Malam, abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada ka yanke hukunci da lamba guda. Adadin da ke cikin rahoton nan na mutanen da aka gano ne aka rubuta su a rajista, kuma tsakaninsa da ainihin yawan masu ɗauke da ciwon akwai tazara kusan ko'ina a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mutum kusan miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka, amma waɗanda aka gano aka kai rahotonsu miliyan 8.2 ne. Sauran, fiye da miliyan biyu da rabi, suna nan a cikin jama'a: wasu ba su taɓa zuwa asibiti ba, wasu sun je an yi musu maganin wani ciwo daban, wasu kuma an gano cutar a asibiti mai zaman kansa an ba su magani, ba a sanar da hukuma ba. Wannan giɓi ya fi faɗi a inda wurin gwaji yake da nisa, ko ma'aikata suka yi kaɗan, ko tsangwama ta sa mai tari yake ɓoye kansa. Don haka duk lokacin da na ga adadi ya tashi a wani yanki, tambayar da nake fara yi ita ce me ya canja a wajen neman masu cutar.

Abubuwan da kan canja ba su da wuyar ganowa. Wataƙila an kawo na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010, mai gano ƙwayar cutar a cikin kaki cikin kamar awa biyu. Tsohuwar hanya ta duba kaki a ƙarƙashin madubin likita ba ta ganin komai sai ƙwayoyin sun kai dubbai a cikin ɗan abin da aka ɗiba, shi ya sa take tsallake marasa lafiya da yawa, musamman yara da masu cuta mai karya garkuwar jiki. Wataƙila kuma an fara bin gidajen waɗanda aka gano ana gwada iyalansu, ko an zagaya da motar ɗaukar hoton ƙirji, ko asibitoci masu zaman kansu sun fara miƙa bayanansu. Kai, wani lokaci ma'aikaci guda mai himma da aka tura wani asibiti ya isa ya ɗaga adadin yanki baki ɗaya. Hanyar tantancewa ita ce ka nemi a nuna maka yawan mutanen da aka yi wa gwaji a kowace shekara, ka aza shi kusa da yawan waɗanda aka samu da cutar. Idan waɗanda aka gwada sun ninka, sannan kason da ake samu da cutar a cikinsu ya ɗan sauka, to nema ne ya ƙaru, kuma wannan abin farin ciki ne. Idan kuwa yawan gwaji yana nan yadda yake amma masu cutar suna ƙaruwa, a nan ne ya kamata hankali ya tashi.

Duniya ta ga kishiyar wannan a fili lokacin annobar korona. A 2019 an kai rahoton mutum miliyan 7.1, a 2020 adadin ya faɗi zuwa miliyan 5.8. Wanda ya dubi wannan lamba kaɗai zai ce an samu gagarumar nasara, alhali asibitoci ne suka rufe ko suka koma kan korona, mutane kuma suka ji tsoron zuwa. A wannan shekarar ce mace-macen tarin fuka suka ƙaru a karon farko cikin fiye da shekara goma. Haka kuma binciken ƙasa da ake yi gida-gida, inda ake ɗaukar hoton ƙirjin dubban mutane ko suna da alama ko ba su da ita, a kuma gwada kakin waɗanda ake zargi, ya sha nuna cewa rajista tana rage nauyin cutar ƙwarai. Wanda aka yi a Najeriya a 2012 da wanda aka yi a Indunusiya a 2013 zuwa 2014 duk sun tilasta aka ɗaga ƙiyasin ƙasashen biyu sosai. A irin waɗannan bincike, a ƙasashe da dama, kusan rabin waɗanda aka tabbatar da ƙwayar a kakinsu ba su ma yi kukan doguwar tari ba. Mutum yana tafiya da ƙafarsa, yana sana'arsa, cutar tana cin huhunsa.

Akwai kuma kurakurai biyu na lissafi da nake yawan gani a rahoton ƙananan yankuna. Na farko shi ne kwatanta lamba da lamba ba tare da duba yawan jama'a ba. Ma'aunin da aka saba shi ne mutum nawa cikin kowane 100,000 a shekara, kuma idan ƙidayar da aka raba da ita ta tsufa, ko baƙi sun kwararo cikin yankin, sakamakon zai yaudare ka. A ƙaramin wuri ma sa'a kaɗai tana motsa lamba: a misali, idan bara an samu mutum 10 bana aka samu 15, a takarda an ƙaru da kashi 50 cikin 100, amma gida ɗaya da ya kamu ya isa ya kawo wannan bambanci, shi ya sa ya fi kyau a haɗa shekara uku ko biyar a duba. Na biyu shi ne rubuta mara lafiya a inda aka gano shi maimakon inda yake kwana. Yankin da yake da babban asibiti kullum zai bayyana kamar shi ne matattarar cutar, domin mutanen kewaye duk can suke zuwa. Ka sa a buɗe rajista a bi adireshi ɗaya bayan ɗaya. Ba zan yi mamaki ba idan aka tarar wani kaso na ƙarin da kuka samu mutanen maƙwabtanku ne.

Duk da wannan, bambanci na gaskiya yana nan, kuma tarin fuka na cikin cututtukan da suka fi taruwa wuri guda. Ta iska yake yaɗuwa, idan mai ciwon huhu ya yi tari ko atishawa ko magana, kuma ƙwayar tana iya daɗewa tana yawo a ɗakin da iska ba ta ratsawa, rana kuma ba ta shiga. Saboda haka cunkoson ɗaki, da gidan yari, da masaukin ma'aikata, da sansanin waɗanda suka rasa matsuguni su ne wuraren da yake samun gindin zama. Amma shaƙar ƙwayar daban, kwanciya ciwo daban. An ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙarta, sai dai kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai daga cikinsu za su kamu da ciwon a tsawon rayuwarsu, yawanci cikin shekara biyu na farko. Abin da ke tayar da ita shi ne raunin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa manyan dalilai biyar: ƙarancin abinci mai gina jiki, cuta mai karya garkuwar jiki, shan giya fiye da kima, shan taba, da ciwon sukari. Mai cuta mai karya garkuwar jiki haɗarinsa ya haura na sauran mutane fiye da ninki goma, mai ciwon sukari kuwa ninki biyu zuwa uku. Ƙurar dutse da mahaƙa ke shaƙa ita ma tana lalata huhu ta buɗe wa cutar ƙofa, abin da ya sa mahaƙan zinariya a Afirka ta Kudu suka daɗe cikin waɗanda suka fi kowa kamuwa a duniya.

Idan ka haɗa waɗannan za ka ga dalilin da ya sa matsakaicin adadin ƙasa ko na birni yake ɓoye gaskiya. A wajajen 2011, lokacin da Ingila gaba ɗaya ba ta kai mutum 20 cikin 100,000 ba, wasu unguwannin Landan irin su Newham da Brent suna wajen 100. Birnin New York ya rage kuɗin yaƙi da cutar a shekarun 1970 bisa zaton an gama da ita, sai ta dawo tare da cuta mai karya garkuwar jiki da rashin matsuguni, har ta kai mutum 3,811 a 1992, kuma unguwar Harlem ce ta fi shan wuya. Da aka dawo da bin marasa lafiya ana ganin sun sha maganinsu, adadin ya sauka ƙasa da rabi kafin ƙarshen shekarar 2000. A Ingila da Wales kuma mace-macen tarin fuka sun yi ta raguwa shekaru da dama tun kafin a samu maganin farko, wato streptomycin, a shekarun 1940, a daidai lokacin da gidaje da abinci da albashi suke gyaruwa. A ganina wannan tarihi yana da nauyi wajen karanta taswirar kowane yanki, domin inda ka ga ɗigon cutar ya yi yawa, galibi za ka tarar talauci da cunkoso sun riga ta isa.

Su wa suka kamu shi ma yana ba da labari. A duniya, a 2023, kusan kashi 55 cikin 100 na waɗanda suka kamu maza ne manya, kashi 33 mata, kashi 12 yara. Idan a rajistarku maza ba su fi yawa ba, mai yiwuwa maza ne ba sa zuwa gwaji, domin asibiti yana buɗe ne a lokacin da suke wurin nema. Batun yara kuwa shi na fi so ka riƙe. Ƙaramin yaro bai yi shekarun da zai ce ya ɗauki ƙwayar tun da daɗewa ba, don haka duk yaron da aka samu da tarin fuka shaida ce cewa kwanan nan wani babba ya shaƙa masa ita, kuma sau da yawa a cikin gida ne. Yawan yara masu cutar alama ce ta yaɗuwa mai gudana. Rashinsu gaba ɗaya a rajistar wurin da manya ke kamuwa da yawa ba ya nufin yaran sun tsira, domin yaro ba ya iya kawo kaki, ciwon nasa kuma yana kama da tamowa ko ciwon haƙarƙari, sai a yi ta magani a gefe. Inda cutar ta ja baya sosai, sai ka ga ta koma kan tsofaffi waɗanda suka shaƙi ƙwayar tun suna matasa, da kuma baƙi da suka zo da ita daga inda take da yawa.

Yanzu ga batun mutuwa, wanda shi ne ya fi damuna a tambayarka. A 2023 tarin fuka ya kashe mutum kusan miliyan 1.25, ciki har da kusan 161,000 masu cuta mai karya garkuwar jiki. Ciwo ne da idan ba a yi magani ba kusan rabin masu shi ke mutuwa, idan kuwa an sha maganin wata shida yadda ya kamata, kusan 85 cikin 100 suna warkewa. Saboda haka yawan mutuwa a yanki yana auna jinkiri ne fiye da komai: jinkirin zuwa, jinkirin ganowa, jinkirin fara magani.

Amma sai ka san me kalmar «ya rasu» take nufi a rajistar tarin fuka. Duk wanda ya mutu kafin ya kammala magani, ko mene ne sanadi, a wannan layi ake sa shi. Kusa da shi akwai wani layi na waɗanda aka daina gani, wato suka yi wata biyu ko fiye ba su zo karɓar magani ba. Na sha zama da irin wannan littafi a gabana, in bi sunayen da ke layin waɗanda aka daina gani, in sa a je gidajensu, sai a dawo a ce wane ai ya yi wata uku da rasuwa. Yankin da ba ya bin sawu zai fito da ƙaramin adadin mutuwa da babban adadin ɓacewa, yankin da ma'aikatansa ke tattaki har gida kuma zai fito kamar shi ne ya fi asarar rayuka, alhali shi ne ya fi faɗin gaskiya. Don haka kullum ka haɗa layukan biyu kafin ka kwatanta. Akwai ma wasu da aka tabbatar da cutar a ɗakin gwaji amma ba su dawo karɓar sakamako ba, ba a taɓa sa su a rajistar magani ba, kuma mutuwa tana da yawa a cikinsu. Ana gano su ne kawai idan aka aza littafin ɗakin gwaji kusa da littafin magani aka bi suna-suna.

Lokacin da mutum ya rasu shi ma abin dubawa ne. Mafi yawan mace-macen masu shan magani suna faruwa ne a wata biyu na farko, wasu ma a makon farko. Duk wanda ya yi aiki a wannan fanni ya san irin mara lafiyar: an kawo shi a rungume, ƙasusuwan haƙarƙarinsa duk a waje, numfashi da ƙyar, 'yan'uwansa su ce ai ya fi wata shida yana tari da gumin dare, an sha magunguna iri-iri, an je wurare uku ko huɗu ba wanda ya ce a kawo kaki. Aka fara masa magani ranar Litinin, kafin mako ya zagayo ya cika. A takarda za a rubuta ya rasu yana kan magani, amma maganin bai samu lokacin yin aiki ba. Wannan ne nake zargi game da maƙwabtanku. Ƙaramin adadin masu cutar tare da babban kason mutuwa shi ne hoton wurin da ba a gano kowa sai wanda ciwo ya riga ya kayar. Ku kuwa da kuke nema, kuna samun mutane tun suna da ƙarfi, sai adadinku ya hau, kason mutuwarku ya sauka. Idan zatona ya tabbata, yankin da ya fi buƙatar taimako shi ne wanda rahotonsa ya fi kyan gani, kuma tunda iska ba ta san iyaka ba, mutane kuma suna kai-komo, idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka san abin yi.

Dole in ƙara da cewa akwai wasu dalilai da kan ɗaga mutuwa ko da ana ganowa da wuri. Babba a cikinsu shi ne cuta mai karya garkuwar jiki da ba a gano ba ko ba a fara maganinta ba, shi ya sa ƙa'ida ita ce a yi wa duk mai tarin fuka wannan gwaji. Sai tsufa, da ciwon sukari da ba a kula da shi, da matsananciyar rama. Sai kuma nau'in da ke bijire wa magani, wanda isoniazid da rifampicin, manyan magunguna biyu, ba sa kashe shi. Kusan mutum 400,000 ne suka kamu da mai bijire wa rifampicin a 2023. Abin da ya faru a Tugela Ferry da ke Afirka ta Kudu, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna yadda mutuwa kan zama ƙararrawa ta farko: cikin mutum 53 da aka samu da nau'in da ya bijire wa kusan duk magungunan lokacin, 52 sun rasu, rabinsu cikin kwana 16 da ɗaukar kakinsu, kuma alamu sun nuna da yawa a asibiti suka ɗauka. Don haka idan mace-mace suka taru a wuri ɗaya cikin ɗan lokaci, musamman tsakanin mutanen da suka taɓa kwanciya a asibiti guda ko suka taɓa shan maganin a baya, a gaggauta gwajin bijirewa. Tun 2022 akwai haɗin magani na wata shida da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ga mafi yawan irin waɗannan marasa lafiya, a maimakon na da mai ɗaukar har shekara biyu da allurai.

Sannan akwai waɗanda suka mutu ba tare da sun taɓa shiga kowace rajista ba, kuma a wurare da yawa su ne mafi rinjaye. Inda ba a rubuta mutuwa da sanadinta, babu wanda ya ƙirga su, sai dai a yi ƙiyasi ko a tambayi iyali alamomin da mamaci ya yi fama da su. Ko inda ake rubutawa, ƙa'idar duniya ita ce mai cuta mai karya garkuwar jiki da tarin fuka ya kashe, a ƙarƙashin cuta mai karya garkuwar jiki ake lissafa shi. Binciken gawa da aka yi a asibitocin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya nuna tarin fuka a kusan kashi 40 cikin 100 na manya masu wannan cuta da suka rasu, kuma kusan rabinsu ba a gano shi ba suna raye. A ɓangaren yara ma, kusan duk waɗanda cutar ke kashewa ba su taɓa fara magani ba, kuma mafi yawansu ba su kai shekara biyar ba. Allurar BCG, wadda aka fara amfani da ita tun 1921, tana kare jarirai daga munanan nau'o'i irin su sanƙarau na tarin fuka, amma kariyarta ga huhun manya ba ta da tabbas, don haka yawan allurar a yanki ba zai hana adadin manya hawa ba.

A zaman kwamitinku na gaba, ka nemi a kawo bayanan aƙalla shekara biyar, a rarraba su bisa unguwar da mara lafiya yake zaune, da shekarunsa, da ko namiji ne ko mace. Ka tambayi mutum nawa aka gwada, da wace na'ura, nawa daga cikin waɗanda aka tabbatar suka fara magani, kuma bayan kwana nawa. Ka tambayi gida nawa aka je aka duba iyali, yara nawa 'yan ƙasa da shekara biyar da masu cuta mai karya garkuwar jiki aka sa a maganin rigakafi. Ga kowane mamaci kuma a zauna a bi labarinsa, yaushe ya fara tari, ina da ina ya je, a ina aka tsallake shi, ba don a kama wani da laifi ba, domin da zarar ma'aikata sun ga ana hukunta su kan mummunar lamba, lambar ce za ta gyaru a takarda. Ka kuma shirya wa jinkiri, domin tarin fuka ciwo ne mai tafiyar hawainiya: wanda ya shaƙi ƙwayar bana wataƙila sai baɗi ko bayan baɗi zai kwanta. Idan nemanku na gaske ne kuma ya ɗore, abin da za ku gani shi ne mutuwa ta fara sauka tukuna, adadin masu cutar ya tsaya a sama na wasu shekaru, sannan ya fara gangarowa alhali yawan gwaji bai ragu ba, kuma yara ƙanana su ne za su fara raguwa a rajista.